Butar da Ba Ta Taɓa Ƙasa

A garinmu Zarkamar, in aka ce "mai buta" ba a nufin kowa sai Baimurad, ko da yake kowane gida da butarsa. Tasa ta tagulla ce, mai dogon wuya, gindinta ko ƙwarzane babu, domin tun da aka ƙera ta ba a taɓa dire ta a ƙasa ba. A gida tana rataye a ƙusa, sama da inda yake sa kansa. Daga hannun ubansa ya karɓe ta, shi ma daga hannun nasa uban. Aikinta ɗaya ne. Shekarar da fara ta ƙyanƙyashe a tuddai, sai a hau da ita dutse har idon ruwan Waliyyi, a ciko, a sauko a rataye ta a bishiyar tut, mai ƙananan ƴaƴa masu zaƙi, da ke ƙofar masallaci. Daga nan tsuntsayen sar su biyo ruwan, su cinye farar.

Wanda bai taɓa ganin saukar sar ba, ba zai gane abin da ya sa dattawa ke gyara zama in Baimurad ya shigo ba. Tsuntsu ne da bai kai kurciya ba, kai da fiffike baƙi, ƙirji da baya ruwan hoda, ga surutu kamar ranar kasuwa. Dubbai suke zuwa, su sauka a Tsibi, tulin duwatsun nan na bayan gari da kakanni suka yi ta tsincewa daga gonaki suna zubawa wuri ɗaya har ya fi masallaci tsawo. A ramukan duwatsun suke ƙwai, a nan suke ƙyanƙyasa, kuma ɗan sar bai san ƙoshi ba. Tun hudowar rana iyayen ke jigilar fara, wadda ba su ci ba ma su kashe su yar. Kafin alkama ta nuna, tuddai sun yi fes. In sun gama sukan afka wa tut da inabin mutane, masu lambu su yi ta buga gwangwani suna zagi, amma zagin fatar baki ne, kowa ya san ladan aikinsu suke ɗauka.

Ruwan kuwa da sharaɗinsa. Buta ba ta taɓa ƙasa, ba ta shiga ƙarƙashin rufi da ruwa a cikinta, kuma mai ɗauke da ita ba ya waiwaye tun daga idon ruwa har gindin tut, domin tsuntsayen na biye da shi, in ya juya suka ga fuskarsa sai su koma. In zai huta ko zai yi salla, ya kafa sandarsa mai gwafa ya rataye ta. A hawansa na farko tare da ubansa, makwarwa ta tashi fir a bayansa, ya juya. Tsohon ya kwaɗa masa marin da ya bar kunnensa na hagu yana ƙugi har tsufa, sannan suka koma idon ruwa suka sake cikowa. Tun ranar wuyan Baimurad ya sandare. Ko a kasuwa ka kira shi ta baya, tsayawa zai yi cak sai ka zagayo.

Sauran shekara manomi ne kamar kowa, ko ma ƙasa da kowa. Gonar alkama ɗaya ce gare shi a kan tudu, ta ruwan sama, sai jaki mara jin magana. Mutum ne mai kula da ƙananan halittu har abin ya kan ƙular da matarsa Gulandam. Za ta aike shi sayen gishiri, ya tsaya a bakin kwari yana kallon buzuzu na mirgina kashin jaki. In ya ga kunkuru a kan hanya sai ya ɗauke shi ya tsallakar. Wata shekara tsattsewa ta yi sheƙa a azarar ɗakinsu, ya cire gilashin taga guda don ta riƙa shiga da fita, iska ta yi ta kaɗa su har ƴaƴanta suka tashi.

"Baban Nozanin," in ji Gulandam, "da tsuntsuwa aka halicce ni da na ji daɗin aure."

"Da tsuntsuwa ce ke, da kin yi ƙaura lokacin sanyi mun huta da baki."

Haka suke, kuma haka suka tsufa. Ɗansu na fari ya rasu yana saurayi, na biyu ya tafi neman aiki Iran, tun ana jin muryarsa har aka daina. Saura Nozanin, tana aure a birni, kullum saƙonta ɗaya ne, su bar tudun nan su zo ga ɗaki a gidan mijinta. Baimurad ya rantse muddin gonarsa na ba da abin da za a yi gurasa, ba zai je ya zauna yana jiran suruki ya miƙo masa abinci ba. Gonar nan ita kaɗai ce ta tsaya tsakaninsa da wannan ɗaki.

Aibinsa ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina son mutumin. Yana ji da butar nan fiye da kima. A wurinsa ba sar ke ceton Zarkamar ba, shi ne ke ceton ta, sar ƴan aikensa ne.

Sai aka shigo da maganin feshi. Motoci suka zo da ganguna, aka rarraba wa matasa tankunan goyo, aka bi tuddai ana fesawa. Fara ta mutu, gaskiya ne. Ƙudan zuma ma suka mutu, bushiya ta yi wuyar gani, alhudahuda da ke kuka a katangar maƙabarta ya yi shiru. Sar da suka ci farar da ta sha magani suka riƙa faɗowa daga tut kamar nunannun ƴaƴa, Baimurad na bi yana tsincewa a bakin rigarsa yana binnewa. Waɗanda suka tsira ba su daina zuwa Tsibi ba, sai dai sun ragu, kuma ba wanda ya ƙara aiken mai buta. Shekaru suka shuɗe tana rataye a ƙusa, yana saukowa da ita yana gogewa da toka yana mayarwa. Dattawan da ke gyara masa zama suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da ƴaƴansu, su kuwa abin dariya suka mayar da shi, musamman Cori mai shayi.

"Baffa mai buta, wata tambaya ke damuna. In kana salla a hanya, ka zo sallama, ai dole ka juya dama ka juya hagu. Wannan ba waiwaye ba ne?"

"Ido nake rufewa."

"To kai ka rufe ido, su tsuntsayen fa? Su ma rufewa suke yi?"

A kwashe da dariya, Baimurad ya shanye shayinsa ya tashi. Ba ya ramawa, amma abin na cin sa.

Wani lokacin sanyi Arbab Tashkul, mai garin, ya tara maza a rumfar Cori. Masu aikin hanya na neman dutse, ya ce. In aka ba su Tsibi, za su kawo hanya har bakin kasuwa, su ɗaga ta a kwari yadda ambaliya ba za ta ƙara yanke garin ba. Ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin kwarin nan. Mata nawa suka mutu da naƙuda a bakinsa ana jiran ruwa ya janye. Ɗan Baimurad na fari ma a nan ya cika, a kan jaki, asibiti na can tsallake.

Wani tsoho daga kusurwa ya ce, "To sar fa? A can suke ƙwai."

Arbab ya juya. "Ga mai su nan zaune. Baffa Baimurad, kai za ka raba mu. Tsuntsayen nan dutse suke bi ko ruwa?"

Rabon da a tambaye shi wani abu ba da wasa ba har ya manta. Ya ga idanu a kansa, ya ga Cori riƙe da butar shayi yana murmushin jiran abin dariya. In ya ce dutse, to me ubansa ya yi ta hawa yana yi? Marin fa, da kunnen da ke ƙugi, da ƙafafun kakansa da suka fashe a hanyar Waliyyi? Wani abu a ƙasan zuciyarsa ya motsa, domin shi ne mutumin da ya fi kowa zama gindin Tsibi yana kallon yadda uwar sar ke kutsa kai cikin rami. Ya danne shi.

"Ruwa suke bi," ya ce. "Dutse ai ko'ina akwai shi. Inda na rataye buta, nan za su sauka."

Aka yi fatiha, aka watse. Ranar har gida Arbab ya raka shi, abin da bai taɓa yi ba.

Gulandam na murza busasshen kindirmo a ƙwarya ya ba ta labari. Ba ta ɗago ba.

"In baƙo ya zo ka ba shi ruwa ya sha, a ina zai kwana?"

"Ke me kika sani a sha'anin buta?"

"Ban san komai ba. Na dai san kaza ba ta ƙwai a tsakar hanya."

Ya ja bargo ya juya mata baya, bai ci abincin ba.

Manyan motoci suka yi ta zuwa har ƙarshen sanyi. Da aka buɗe cikin Tsibi, abin da ke ciki ya fito fili: macizai a dunƙule suna barcin sanyi, bushiyoyi, tsofaffin sheƙu kan sheƙu, ɓawon ƙwai shuɗi-shuɗi, da gashin tsuntsu na shekarun da ba wanda ya ƙirga, iska na kwasa tana watsawa a gonaki. Baimurad bai je kallo ba, amma gashin ya same shi har tsakar gida. Da motar ƙarshe ta tafi, wurin ya zama fili sumul kamar masussuka. Hanya kuma ta yi kyau, wannan ba mai musu.

Bazarar ta zo da kyau irin wanda ke sa mutum ya saki jiki. Ruwa ya sauka a kan kari, tuddai suka yi kore, furannin lala suka rufe su ja wur har ido ba ya iya tsayawa a kai. Kunkuraye suka fito suna karo da juna a cikin ciyawa, shamuwa ta dawo kan hasumiya, alkamar Baimurad ta kai masa gwiwa. Sai makiyaya suka sauko da labarin cewa ƙasa na motsi a tuddan gabas. Ƴaƴan fara ne, baƙaƙe ƙanana kamar tururuwa, ba su yi fiffike ba tukuna, suna tafe a jere sun doshi gonaki. Aka jira motocin magani, ba su zo ba. A shekarar ba wanda ya tuna da Zarkamar. Maza suka haƙa ramuka, mata da yara na kora da zannuwa ana binnewa, amma in ka binne tudu guda, gobe wani tudun ya ƙyanƙyashe.

Arbab ya zo da kansa, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna ƙasa.

"Baffa, mun yi maka rashin kunya shekara da shekaru. Ka yafe. Gari na hannunka."

Baimurad ya miƙe ya sauko da buta. Har da daɗi ya ji a ransa, Allah ya yafe masa. Gulandam ta ɗaure masa gurasa da busasshen tut a ƙyalle, ta ɗaure masa gwiwar da ke ciwo, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Hawan da a da yake yi yana waƙa, wannan karon da rarrafe ya ƙarasa shi. Idon ruwan ma ya tsufa. A da ana kara buta ta cika, yanzu ɗiga yake daga tsagin dutse, ya tsuguna riƙe da ita har kafaɗunsa suka mutu kafin ta kawo wuya. Ya juyo gida. Gwiwa ta kumbura ta cika wando, ƙaya ta yaga masa tafin ƙafa, sau ɗaya santsi ya kwashe shi ya faɗi a kan gwiwar hannu, amma buta na sama, ko ɗigo bai zube ba. Duk tsawon hanya yana kasa kunnensa mai lafiya, ba ya jin komai a bayansa sai iska.

Sai da ya hango hasumiya da hantsi, yana saukowa tudun ƙarshe, ya ji. Da farko ya ɗauka ƙugin kunnensa ne. Sannan ƙarar ta cika sama, surutun nan da ya sani tun yana yaro, inuwa ta zo ta bayansa ta rufe shi ta wuce a kan ciyawa. Wuyansa ya yi ta roƙonsa ya juya, bai juya ba. Hawaye na zuba a gemunsa ya shiga gari, mutane a kan soraye suna nuna sama, mata na guɗa. Ya rataye buta a tut. Cori mai shayi ya kama hannunsa ya sumbata. A lokacin ne Baimurad ya juya, ya gan su, dubbai, sama ta yi ruwan hoda da baƙi. A duk rayuwarsa ba shi da sa'ar da ta kai wannan.

Tsuntsayen ba su ko kalli tut ba. Kai tsaye suka wuce bayan gari, inda Tsibi yake a da. Suka yi ƙasa gaba ɗaya kamar za su sauka, suka tarar ba abin sauka, suka tashi. Suka zagayo suka sake yin ƙasa. Wasu suka dira a filin suna tafiya da ƙafa, suna karkata kai suna leƙen ƙasa, suna neman ramukan da aka ƙyanƙyashe su a ciki. Guɗa ta mutu a bakin mata. Baimurad ya ja ƙafa har bakin filin ya tsaya.

Sun ci fara ranar, sun ci washegari. Sun gwada katangun laka, sun gwada tsagin rufin masallaci, sun gwada tulin itacen mai gurasa. Kowa na ganin yadda suke kai da kawowa ba natsuwa, matan cikinsu da ƙwai a ciki ba wurin ajiyewa. Baimurad ya kora jakinsa kwari, shi da Gulandam suka shiga ɗebo duwatsu suna zubawa a filin. Wasu suka taya su da farko. Amma abin da kakanni suka tara tsara bayan tsara ba a tara shi da mangala. Tulin bai kai ƙugu ba wata safiya garken ya tashi, ya zagaya garin sau ɗaya, ya miƙe arewa ya haye dutse. Baimurad ya tsaya gindin tut yana girgiza reshen da buta ke rataye, yana kiransu da irin kiran da ake wa kaji.

Biyu kaɗai suka tsaya, mace da namiji, suka yi sheƙa a ɗan tulin nasa. Ya riƙa zama yana gadinsu. Ranar da ya je jana'iza ya dawo, ya tarar kyanwa ta tura hannu ta zaro komai, ramin bai da zurfin da zai hana ta.

Da wani ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ba wanda ya yi. A rumfar shayi aka daina yi masa wasa, ana ganinsa a matsa masa wuri a yi shiru. Arbab ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba laifinka ba ne, Baffa. Ka kawo su, kowa ya gani. Allah ne bai nufa ba." Baimurad ya buɗe baki zai faɗi abin da ya danne a rumfar nan lokacin sanyi, sai ya ga ba shi da amfani ga kowa, ya rufe.

Fara ta yi fiffike alkama na cikin nono. Ta sauka a gonarsa da azahar, yana tsaye a ciki yana kaɗa rawaninsa. Ƙarar cinta kamar wuta ce a busasshen kara. Ba ta ma cinye zangarniya, a wuya take yanke ta ta faɗi ƙasa ta wuce ta gaba. Ta hau masa riga, ta shiga gemunsa, har rawanin ta huhhuda. Kafin la'asar gonar ta zama tsinke a tsaye. Ta ci kankanar mutane, ta ci ganyen inabi, ta bar tut na masallaci tsirara da buta na lilo a reshe. Gulandam ta zo ta tsuguna tana tsintar zangarniyar da ta faɗi, ta murza ɗaya a tafin hannu, ba komai ciki sai ruwa.

"Zo mu je gida, baban Nozanin," ta ce. Ba ta tuna masa da maganar baƙo ba, ranar ko bayanta, kuma wannan ma ya ji shi.

Gidaje da yawa suka rufe ƙofa a shekarar. Nasu na cikin na farko. Ya ba maƙwabci jakin, ya cire sauran gilashin taga don tsattsewa ta samu hanya ko ba sa nan. Da motar kaya mai zuwa birni ta tsaya bakin kasuwa, ya je masallaci ya sauko da buta, da sauran ruwa a cikinta. Aka ja shi sama, ya zauna kan ƙullin barguna ya rungume ta a cinya. Yaron mota ya ce, "Baba, ajiye ta mana ka riƙe ƙarfe, za ka faɗo." Bai kula shi ba.

Mota ta hau sabuwar hanya. Lafiyayyar hanya ce, ko girgiza babu. Da suka zo kwari ya sunkuya ya dubi gefen da aka ɗaga, ya ga duwatsun a jere cikin siminti, wasu har yanzu da farin kashin tsuntsu a jikinsu. Ya san su. Akwai wani mai jan tsagi da ya sha zama a kai.

"Ga gidanmu can, ana hango rufin," in ji Gulandam. "Ba za ka duba ba?"

Bai juya ba. Rana ta yi zafi, mota ta yi nisa, tuddai na wucewa ba kore ba fure. Can ta taɓa hannunsa.

"Ƙishirwa nake ji."

Ya daɗe yana kallon butar. Sannan ya cire murfin ya miƙa mata. Ta kafa kai ta sha, ta goge baki da gefen mayafi.

"Yaya yake?" ya tambaya, domin shi bai taɓa ɗanɗanawa ba, haka ubansa, haka kakansa.

"Ruwa ne," ta ce. "Ya ɗan yi tsamin tagulla."

Ya karɓa ya mayar da murfin. Ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasan motar, tsakanin takalman mutane da buhun albasa, ya kama ƙarfe da hannu biyu.